Wilder, Fury da ire-irensu: salon da ba a koyarwa, shekara nawa yake kai mutum?

Abdul Bukoki: Assalamu alaikum ƴan fada. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san damben boksin, musamman Koci da Mushe. Ɗan dambe a ajin masu nauyi wanda bai bin ƙa'idar da ake koya ma yara, hannu ƙasa, ƙafafu a warwatse, naushi na zuwa ta inda ba ka zata ba, shekara nawa irin wannan salo ke kai mutum kafin a gano shi? Maganar Deontay Wilder nake. Ya riƙe kambun duniya na hukumar dambe ta WBC tun Janairun 2015 har Fabrairun 2020, ya kare shi sau 10, kowa na cewa bai iya dambe ba amma yana ta kwantar da mutane, sai kuma ga Parker ya yi turmi 12 da shi a Disamban 2023 bai bari hannun daman nan ya sauka ba, Zhang kuma ya gama da shi a turmi na 5 a watan Yunin 2024. Tsufa ne ko asiri ne ya tonu?

Ɗan Ader: Wa alaikumus salam. Shekara biyat da kambu ga hannu ai ba wasa ba ne Abdul, nawa ne cikin waɗanda sunka iya damben littahi sunka kai haka? Ni dai ban ga abin mamaki ba, an haihe shi 1985, sadda Zhang ya buge shi shina da 38. Ƙarhi ne ya ƙare.

Nura na Abijan: Zhang fa ya girme shi, ya haura 40 a ranar. In tsufa ne kaɗai da Zhang ne zai fara faɗuwa

Koci Mamman: Salamu alaikum. Abdul ɗana tambayarka mai kyau ce amma ka haɗa mutane da yawa cikin buhu guda. In ka ga ɗan dambe mai baƙon salo, abin da za ka fara tambaya shi ne bisa mi salon yake tsaye. Shi Wilder bai shiga boksin ba sai da ya kusa shekara 20, bai daɗe ba ya ci tagulla a Olimpik na Beijin 2008, wato shekarun da yaro ke yi yana koyon taka ƙafa, gaba, baya, gefe, shi bai yi su ba. Abin da Allah ya ba shi tsawo ne, mita 2 da ɗan abu, da hannun dama wanda ban ga irinsa ba. To salonsa duka bisa tsoro yake tsaye. Abokin karawa na tsoron hannun, sai ya tsaya nesa, kuma nesan nan ita ce daidai inda hannun ke miƙewa ya cika. Ku je ku sake kallon karonsa na biyu da Luis Ortiz a Nuwamban 2019, Ortiz na gaba a maki turmi bayan turmi, Wilder kusan bai yin komi sai auna shi da hagu, a turmi na 7 dama guda ta sauka shi ke nan. Irin wannan salo bai mutuwa ranar da ƙarfi ya ƙare, yana mutuwa ranar da aka samu wanda ya daina tsoro.

Abdul Bukoki: Koci wato Tyson Fury kenan, wanda ya ƙwace masa kambun a 2020

Koci Mamman: Shi fa. A karon farko, Los Anjeles Disamban 2018, Fury ya yi ta kauce-kauce yana ja da baya kuma duk da haka ya sha ƙasa sau biyu, turmi na 9 da na 12, aka tashi kunnen doki. Amma da ya tashi a na 12 ɗin ya matsa gaba sai ya ga Wilder na ja baya kuma in yana ja baya bai iya jifa. Sai ya canza mai horaswa ya koma wajen SugarHill Steward, ya zo karo na biyu da kilo wajen 124, Wilder na wajen 105, ya dinga taka shi yana jingina masa nauyi a wuya, ƙafafun Wilder sirara ne ba su ɗauka, a turmi na 7 aka jefa tawul. Tun daga ranar kowane koci a duniya yana da bidiyon.

Ɗan Ader: Koci da girmanka amma ban yarda duka ba. In an gano shi tun 2020, ƙaƙa ankai ya kada Fury sau biyu ga turmi na 4 a karo na ukku? Shi wanda ya gano sirrin ma saura ƙiris ya kwana nan.

Koci Mamman: Gano hanya daban, bin ta daban. Hannun na nan, ban ce ya tafi ba. Amma ka lura wa ya ci a ƙarshe kuma ta wace hanya, Fury ne, turmi na 11, gaba dai gaba dai.

Hadiza Yantala: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ta gefen jiki nake kallon abin tunda aikina gyaran gaɓoɓi ne a asibiti. Wancan karon na uku na Oktoban 2021 da Ɗan Ader ya kawo, faɗuwa biyar aka yi a cikinsa, uku na Wilder biyu na Fury, kuma ba faɗuwar ce kaɗai ba, dukan da Wilder ya sha a kai daga tsakiyar wasan zuwa ƙarshe yana tsaye da ƙyar shi ne abin dubawa. Mutum bai fita daga irin wannan dare kamar yadda ya shiga. Sannan ku ƙirga, daga wannan dare har karonsa da Parker sama da shekara biyu, abin da ya yi a fili bai kai turmi guda cikakke ba, wanda ya buge Helenius a Oktoban 2022. Mai naushi guda lokaci ne jarinsa, ido ya ga ƙofa hannu ya tafi kafin a rufe. In ya daɗe bai hau fili ba ido na gani amma hannu na makara. Da Parker kuna ganinsa yana auna yana auna bai saki ba. Kuma hannun daman ma an taɓa yi masa aiki, ya karye a karonsa da Arreola a 2016

Mushe Idi: Mersi ƙanwata, kin kawo abin da muke mantawa. Amma ni ina so in ja maganar gefe kaɗan don Wilder ba shi ne misalin da ya fi ban tausayi ba. Roy Jones. Hannu a gwiwa, wani lokaci ma a bayansa, yana jifa da ƙugiyar hagu ba tare da ya share fage da komi ba, abin da in yaro ya yi a wajen Koci sai ya sha faɗa. Ya hau ajin masu nauyi a Maris 2003 ya ƙwace kambun WBA hannun John Ruiz. Bayan wata 14 kacal Tarver ya kwantar da shi a turmi na 2, a Satumban 2004 Glen Johnson ya sake kwantar da shi. Shi ba gano shi aka yi ba, kowa ya san abin da yake yi tun shekara goma baya, babu dai wanda ke da saurin kama shi. Ranar da saurin ya ragu da ɗan abin da ido ma bai gani sai aka tarar babu komi a bayansa, babu garkuwa, haɓa a fili. Wasu na ɗora laifin bisa kilon da ya zubar don ya koma ajinsa na da, wataƙila da hannun wannan, amma ko bai zubar ba ranar na tafe.

Alhaji na Katako: Yara kuna ta lissafin na jiya kun bar ubansu. Mu a 1974 babu tele a gidajenmu, rediyo muka kewaye da dare har asuba ta gabato muna jin karon Ali da George Foreman a Kinshasa. Muhammad Ali shi ne ya fara wannan abin a cikin manya, hannu ƙasa, in an kawo naushi maimakon ya duƙa sai ya ja kai baya, kuma duk masana na lokacin sun ce za a kashe yaron nan. Henry Cooper ya kada shi a 1963 da hagu, Frazier ya kada shi a 1971 turmi na 15 da hagu ita dai, Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973. Ramin na nan tun farko. Amma daga 1964 da ya buge Liston har 1978 da ya sake karɓo kambu hannun Spinks, shekara 14 kenan yana saman duniya ko kusa da sama. To ku ce mini salon bai daɗewa.

Mushe Idi: Alhaji Allah ya ƙara girma, amma Alin 1964 da Alin 1974 ba salo guda suke ba. Na farko ƙafa ce, rawa yake ba a taɓa shi. An hana shi dambe daga 1967 zuwa 1970, da ya dawo ƙafar ta rage, shi ya sa a Kinshasa ya jingina da igiya ya bar Foreman ya yi ta duka har ya gaji kafin ya gama da shi a turmi na 8. Wato salon farko ya mutu, mutumin ne ya ƙirƙiro wani.

Alhaji na Katako: Haka ne Malam. Kuma na biyun da jikinsa ya biya shi. Duk wanda ya ga karonsa da Holmes a 1980 bai son ya sake gani, ni har yau in an sa shi tashi nake. Allah ya jiƙansa.

Ɗan Ader: Amin Alhaji

Hadiza Yantala: Amin. Wannan shi ne abin da ke damuna Baba, in sauri ya tafi kuma mutum na da zuciya da haɓa mai ƙarfi sai ya koma tare naushi da kansa, ƴan kallo na tafi suna cewa jarumi, shi kuma kwanyarsa ce ke ɗauka

Nura na Abijan: To ni dai duk wannan bai shafi Fury ba. Mutum mai tsawon mita 2 da ƴan kai, ga teɓa, amma yana juyawa kamar ƙaramin yaro, yau dama gobe bahago, ya je har Jamus a Nuwamban 2015 ya sa Wladimir Klitschko ya rasa inda zai sa hannu, mutumin da ya kusa shekara goma da kambu. Ya bar dambe sama da shekara biyu ya yi ƙiba ya dawo ya sake cin duniya. Bai taɓa faɗuwa wasa ba sai 2024, shekara 15 da wani abu yana ƙwararre. Wane irin daɗewa kuke so kuma

Abdul Bukoki: Yaya Nura ka manta Ngannou 😅 ɗan Kamaru da bai taɓa boksin na ƙwararru ba ya zaunar da shi a turmi na 3

Nura na Abijan: Bai yi shiri ba, raina shi ya yi, kowa ya sani

Koci Mamman: Rainin na ciki amma akwai abin da ya fi shi. Dabarun Fury rabi yaudara ce, motsa kafaɗa, motsa ido, ya sa ka zaci zai jefa ka ƙame. Wannan na aiki ne ga wanda aka koya ma boksin tun yana yaro, jikinsa ya saba amsa kowane motsi, Klitschko shi ya sa ya daskare. Ngannou bai da wannan sabon, ka yi masa yaudara bai ma san ka yi ba, tsaye yake yana jira. Ɗaya rabin kuma kokowa ce, ya rungume ka ya ɗora maka nauyi, to wa zai yi kokowa da wanda ya riƙe kambun UFC, gasar faɗan da ke haɗa naushi, shuri da kokowa? Duka ƙofofin biyu sun rufe a dare guda. Bayan wata huɗu da ƴan kwanaki Anthony Joshua ya zo da dambe na littafi, hagu madaidaiciya dama madaidaiciya, turmi 2 ya gama da Ngannou. Kun ga baƙon salo ba ya cin kowa, akwai wanda aka yanka shi dominsa. Norton ma haka, hannuwa a gicciye yana jan ƙafar baya, ya wahalar da Ali sau uku amma Foreman turmi 2 ya yi da shi a Karakas.

Ɗan Ader: Wanga magana ta Koci ita muka gani ga kokowa kowace shekara. Ɗan kokowa ya taho gasar takobi da wani kamu da ba a san shi ba, ya yi ta kada manya har ya kai nesa, baɗi ya dawo ya tarar duk jihohi takwas sun zamna sun kalle shi ga salula, kowa ya san ƙahwar da zai ɓoye. Wanda ka daɗewa shi ne mai kamu ukku huɗu, in an tare wanga ya koma wancan. Dauri sai ka yi shekaru kahin labarin kamunka ya kai Diffa, yanzu kahin ka wanke ƙasar jikinka an tura shi ga WhatsApp.

Mushe Idi: Dakor, amma kar mu rufe maganar kamar duk mai hannu ƙasa ƙarshensa guda. Akwai wanda kuka tsallake, Vitali Klitschko, wan Wladimir, wanda ya zama magajin garin Kiyef. In ka kalle shi sai ka ce ba a koya masa ba, hannun hagu na lilo a cinya, yana ja da kai baya kamar Ali, naushi na fitowa daga hannu kawai ba daga ƙugu ba. Wasa biyu kaɗai ya rasa a rayuwarsa, na Byrd a 2000 kafaɗa ce ta yage, na Lennox Lewis a 2003 ido ne ya tsage likita ya tsayar, kuma duka biyun yana gaba a maki. Ya huta kusan shekara huɗu ya dawo a 2008 ya karɓe kambu hannun Samuel Peter na Najeriya, ya yi wasansa na ƙarshe a 2012 yana da shekara 41 da kambun a hannu. Ba a taɓa kada shi ƙasa ba a boksin na ƙwararru. To shi fa Koci, mi ya hana a gano shi?

Koci Mamman: Mushe ka kawo mai wuya. Ni abin da nake gani, Vitali a ido ne kawai yake baƙo, a ƙasa ƙafafunsa na bisa ƙa'ida, koyaushe ya san tazarar da ke tsakaninsa da kai. Ja da bayan da yake yi ba da saurin ido yake yi ba kamar Roy Jones, da tsawo yake yi, kuma tsawo bai tsufa. Hannun da ke ƙasa ma amfani gare shi, naushin na tasowa daga inda ba ka kallo. Ga shi kuma yana jifa da yawa kowane turmi, ba ya jiran guda kamar Wilder. In ka haɗa da haɓar da Allah ya ba shi, ko ka gano shi mi za ka yi

Mushe Idi: Ni kuma ina ganin har da zamanin da ya samu. Da ya haɗu da irin Usyk, wanda ya ci Fury a 2024, mai shiga ta gefe bai tsaya a gabansa ba da mun ga wani abu. Yawancin waɗanda ya buga a dawowarsa tsaye suke zuwa masa.

Alhaji na Katako: Kowa da zamaninsa yake dambe Malam, ba a auna mutum da wanda bai zo ba. Ku ƙara da Foreman. Ya bar dambe a 1977 ya dawo 1987 da tumbi, ana dariya, hannuwa a gicciye gaban fuska yana tafiya a hankali kamar mai zuwa masallaci, a Nuwamban 1994 yana da shekara 45 ya kwantar da Moorer a turmi na 10 alhali ana gabansa a maki. Shi ma salon ba na littafi ba ne amma salo ne da aka gina don tsoho, bai buƙatar gudu, bai ɓarnar numfashi.

Abdul Bukoki: To ai Alhaji wannan ya nuna naushi bai tsufa, me ya hana Wilder yin haka?

Hadiza Yantala: Foreman na da hagu mai nauyi da yake matsa mutum da ita kuma yana da jikin da ke ɗaukar duka Abdul. Wilder ƙarfinsa daga sauri yake zuwa, bulala ce, dubi ƙafafunsa da nauyinsa, a karon farko da Fury bai kai kilo 97 ba. Wanda ƙarfinsa nauyi ne yana ajiye shi har tsufa, wanda ƙarfinsa sauri ne tare suke tafiya

Koci Mamman: Ta faɗi gaskiya. Kuma abin da ya sa nake daɗewa bisa wannan magana, a nan Yamai nake ganin illarsa. Yaro ya zo atisaye wata biyu, ya kalli bidiyon Fury a salula, sai ka ga ya saki hannu yana fito da harshe. Ba ya ganin Fury daga gidan dambe ya fito, tun yana ƙarami yake ciki, ya san ƙa'idar sarai kafin ya karya ta. Ali ma sai da ya ci zinari a Rum 1960. Ƙasar nan lambar Olimpik ta farko da muka samu ta boksin ce, Issaka Daboré a Munik 1972, kuma har yau ba mu sake samun wata a boksin ba, ba za mu same ta da yaran da ke kwaikwayon ƙarshen abu ba su san farkonsa ba. Ni ban hana yaro abin da jikinsa ya ba shi, in dogo ne mai ido ina barinsa ya ɗan sauke hagu, amma sai ya nuna mini in na matse shi a kusurwa ya san inda zai mayar da hannuwansa.

Ɗan Ader: Amma Koci kar ku kashe ma yara baiwa garin gyara. Da Wilder ya hwaɗo hannun mai tsananin ƙa'ida wataƙila da an gyara shi ya zama ɗan dambe na tsaka-tsaki da ba wanda ya san sunanai. Karkataccen ne ya kai shi inda ya kai.

Koci Mamman: Ba a ce a taɓa damar ba. A koya masa ja da baya yana jifa, a koya masa abin yi in an rungume shi, wannan bai rage ma dama komi.

Nura na Abijan: Ni har yanzu ban yarda an gano Fury ba, karon farko da Usyk alƙalai ma rabuwa suka yi, biyu da ɗaya, kuma a tsakiyar wasan shi ke gaba yana dukan ciki yana ɗaga shi da naushin ƙasa. Naushi guda ne ya juya wasan

Mushe Idi: Na biyun fa a Disamba? Duka ukun Usyk suka ba

Nura na Abijan: Wannan maki ne na Riyad inda aka yi wasan, ni na kalla da idona

Koci Mamman: Nura ba naushi guda ba ne. Usyk tun turmi na farko yake taka masa ƙafa yana tilasta shi motsi, bai amsa yaudararsa, in Fury ya zo runguma sai ya zame ta gefe, mai kilo sama da 115 kuma in ka hana shi hutawa bisa kafaɗarka ƙafafunsa ne ke biya. In rezo ya yi kyau wajenka sauko da turmi na 8 da na 9 ka kalla, kar ka dubi hannuwa, ƙafafun Fury kawai za ka bi, ka ga sau nawa ya koma igiya da kansa tun kafin hagun nan ta same shi, sannan ka dawo mu yi magana.